CIWON DAJI NA GADO: ƁOYEWA BA TA KARE 'YA'YA MATA

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar shanu ta Potiskum ya san mai saye ba ya miƙa kuɗi sai ya tambayi asalin saniya, daga wane garke ta fito, uwarta mai nono ce ko kuwa. Haka mutanen garin suke da sanin asalin kansu. Dattijo Babole ko Bangizime ko Bakarkare zai jero maka kakanninsa har huɗu ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Amma a tambaye shi wane ciwo ne ya kashe goggonsa tana da shekara 38, sai ya ce ciwon ajali. Lalle ajali gaskiya ne, sai dai wannan amsa ba ta taimaki 'yar da aka bari a gida ba.

A ɗauki misalin gida guda. Kaka ta rasu da ciwon nono, bayan shekaru 'yarta ta bi ta da kumburin ciki, yanzu kuma jika ta ji ƙullutu a nono tana goyon ɗanta na biyu. A unguwa za a ce sammu ne, ko an yi wa gidan baki. Likita kuwa da zai ji wannan labari a jere, nan take zai yi zaton ciwon daji na gado.

Masana sun tabbatar cewa cikin kowane mutum 100 da suka kamu da ciwon daji, kamar 5 zuwa 10 gadonsa suka yi. Abin da ake gada wata ƙwayar halitta ce da ta sami tangarɗa, wadda aikinta shi ne gyara ɓarna a jikin mutum. Biyu daga cikinsu sun fi suna, watau BRCA1 da aka gano a 1994, da BRCA2 a 1995. Macen da ta gaji ɗaya daga ciki tana cikin haɗarin ciwon nono da na ƙwan mahaifa, sau da yawa tun kafin ta kai 50. Namiji ma yana ɗauka, yana kuma miƙa wa 'ya'yansa mata, shi kansa yana iya kamuwa da ciwon dajin furostet. Saboda haka masu ɗora wa dangin uwa laifi su kaɗai ba su yi adalci ba.

Kada a ce wannan cutar Turawa ce. Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Nijeriya da ke Jami'ar Chicago a Amurka, ita da abokan aikinta na Ibadan sun gwada mata 1,136 masu ciwon nono. Sakamakon da suka fitar a 2018 ya nuna kusan kashi 15 cikin 100 na matan suna ɗauke da irin wannan ƙwaya ta gado. Wannan ya zarce abin da aka saba gani a ƙasashen Turai.

To, me ya sa ake ɓoyewa? Amsar ba ta da wuya. Uwa tana tsoron in magana ta fita, manema za su guje wa 'ya'yanta. Wannan tsoro ba na banza ba ne, don an san halin bakin mutane. Amma a duba da kyau. Ciwon daji ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko ta kwanciyar aure. Kowane ɗa na mai ɗauke da ƙwayar yana iya gada, yana iya tsira, rabi da rabi ne. Wadda ta gada ma ba lalle ne ta kamu ba. Wadda kuwa ta san tarihin gidansu ta riƙa zuwa a duba ta, in ciwon ya zo ana kama shi yana ƙarami, lokacin da aiki da magani ke warkar da shi. Wadda aka ɓoye wa ita ce ke shafa maganin gargajiya wata shida, sai nono ya fashe a ɗauke ta zuwa Damaturu ko Maiduguri ko Shika, bayan an sayar da gona da shanu.

An taɓa yin irin wannan da cutar sikila. A da ana cewa yaran 'yan wabi ne, yau kuwa malamai da yawa ba sa ɗaura aure sai sun ga takardar gwajin jini, har Jihar Kano ta mai da gwajin doka a 2024. Sai dai kada a kwaikwayi wannan a makance. Sikila sai an haɗa uwa da uba, shi ya sa ake gwaji kafin aure. Ƙwayar ciwon daji daga gefe guda take zuwa, hana aure ba zai kawar da ita ba. Amfanin saninta shi ne mai ita ya tsare kansa.

Gwajin ƙwayar yana da tsada, ba a kuma yin sa a ƙananan asibitoci. Amma tambaya kyauta ce. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Yobe ta sa ma'aikatan babban asibitin Potiskum da na wuraren awon ciki su riƙa tambayar kowace mace: wa ya taɓa yin wannan ciwo a danginku, na uwa da na uba, yana da shekara nawa? In an sami biyu ko uku a jini guda, ko wadda ta kamu da ƙuruciya, ko namiji mai ciwon nono, sai a rubuta a tura su Asibitin Koyarwa na Damaturu, a kuma riƙe sirrinsu. Hukumar binciken ciwon daji ta tarayya, NICRAT, tana da hakkin horar da masu yi wa iyalai bayani da Hausa.

Fadar Sarkin Fika da ta Mai Potiskum, da limaman Juma'a, da malaman Islamiyyar matan aure, da gidan rediyo, su ma da nasu aikin. Matan da suka yi jinya suka warke a ba su wuri a asibiti su riƙa zama da sababbin marasa lafiya da 'yan'uwansu, don maganar wadda ta sha ɗacin abu ta fi shiga kunne.

Nauyi mafi girma dai yana kan dattawan gida. Wanda ya san abin da ya kashe uwarsa ko ƙanwarsa, ya tara 'ya'yansa ya gaya musu tun yana da rai. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.