Manjon Da Ya Ce Kada A Yi Aure

A wannan wata labarin wani soja na kawo muku, daga gajeren labarin da Ba'amurke Ernest Hemingway ya fitar a 1927 mai suna In Another Country, wato "A Wata Ƙasa". Shi kansa marubucin an ji masa rauni a Italiya a 1918, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya kuma yi jinya a birnin Milan inda ya ɗora labarin.

Ba a harba bindiga ko sau ɗaya a cikinsa. Sojoji ne masu rauni, kullum da la'asar suna zuwa asibiti ana ɗora su a kan injinan motsa gaɓoɓi. Mai ba da labarin baƙo ne ta ko'ina. Mutanen gari sun tsani hafsoshi, abokansa kuma suka ja jiki da suka gane lambar yabonsa don yana Ba'amurke aka ba shi.

Wanda ya tsaya min a rai shi ne wani Manjo. Da can gwanin wasan takobi ne, sai hannunsa ya shanye ya koma kamar na jariri. Bai yarda injin zai warkar da shi ba, amma ba ya fashi, ba ya ƙorafi. Rannan saurayin ya ce in ya koma gida zai yi aure. Nan take Manjo ya hau shi da faɗa, wai bai kamata namiji ya ɗora ransa a kan abin da zai iya rasawa ba. Can sai ya dawo ya ba shi haƙuri, hawaye na zuba: ashe matarsa ce ta rasu. Yarinya ce ɗanya, ciwon nimoniya na 'yan kwanaki ya ɗauke ta. Shi da ya ƙi aurenta sai da aka sallame shi daga yaƙi, don kada ya bar ta da takaba!

'Yar'uwa, kin lura faɗan nan ba da saurayin ake yi ba? Sau nawa maigida ko ɗanki zai shigo yana huci a kan gishirin miya, alhali abin da ke cinsa yana can wani wuri?

Masu nazari suna yaba wa Manjo da dauriya. Ni dai ina ganin dauriya daban, haƙuri daban. Ya ce ba zai iya sallamawa ba, kuma yana kuka yana cije leɓe kamar mai aikata abin kunya. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu, bai ɓoye ba, bai kuma faɗi abin da Ubangiji bai yarda da shi ba. Mai haƙuri yana da wurin kai kukansa. Manjo ba shi da kowa sai bangon asibiti, shi ya sa tausayinsa ya fi kama ni.

Bayan kwana 3 ya dawo da baƙin ƙyalle a hannun rigarsa. Likita ya kafe hotunan hannayen da wai injin ya warkar, har guda 3 a gabansa. Ya zauna, ya miƙa hannunsa ga injin, idonsa na kan taga.