Ba Messi ne ya yi barci a Anfield ba

Wani marubucin wasanni ya wallafa cewa Lionel Messi ne silar kunyar da Barcelona ta riƙa sha a gasar zakarun Turai, wai shi gwanin La Liga ne kawai. Magoya bayan ƙungiyar da har yau ke riƙe da shi a zuci sun tafa masa. Maganar ba ta da tushe.

A kakar 2018/19 Messi ya fi kowa zura ƙwallo a gasar, guda 12. Biyu daga ciki Liverpool ya ɗura wa a Camp Nou, aka tashi 3-0. Daf da tashi ya miƙa wa Dembélé ƙwallo daga shi sai gola, ya harba ta hannun Alisson. A karawa ta biyu a Anfield kuwa, lokacin da Alexander-Arnold ya yi wuf ya bugo kwana, 'yan bayan Barcelona na tsaye suna hira da ido, Origi ya cike ta huɗu. Ina laifin Messi a nan?

Marubucin ya tsallake shugabannin ƙungiyar. Sun karɓi Yuro miliyan 222 na cinikin Neymar a 2017, suka narkar da kuɗin kan Dembélé da Coutinho, suka bar 'yan tsakiya suna tsufa. Coutinhon nan, yana zaman aro a Bayern Munich, shi ya zura musu biyu ranar da aka tashi 8-2 a Lisbon a 2020. Wannan tuhuma teburin shugaban ƙungiyar na lokacin, Josep Bartomeu, ya kamata ya kai ta.