Tsohon Babur: Kafin Ka Ce "Na Saya"

A wannan makon za mu tsaya ne kan wani abu da ke cin ran samari da yawa a yankinmu na Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, wato mallakar abin hawa.

Duk wanda ke karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, ko yake da 'yar sana'ar da yake haɗawa da karatu, ya san yadda kuɗin kabu-kabu ke cinye ɗan guzurin da aka ba shi daga gida. Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a 2024. Darajar naira ta faɗi, sabon babur kuwa daga waje ake shigo da shi ko da kayan haɗa shi, sai farashinsa ya wuce inda hannun ɗalibi zai kai. Wanda ke jiran naira 20,000 a wata daga asusun lamunin karatu na NELFUND ba shi da zancen sabo fil cikin kwali. Dole ido ya koma kan na hannu, har da tsofaffin da iyayenmu suka jingine a zaure shekara da shekaru.

Ba abin kunya ba ne, da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai kuɗin da dillali ya faɗa maka kashi ɗaya ne kawai na farashin tsohon babur. Sauran yana ɓoye a cikin inji, a shagon mai kayan gyara, da kuma cikin takardu. Wanda bai haɗa su duka ya yi lissafi ba, bai san nawa ya saya ba.

Mu fara da sanin abin da ke kasuwa. Baburan Japan sun cika ƙasar nan ne a shekarun 1970 da 1980, musamman bayan ƙarin albashin Udoji da ma'aikata suka karɓa a 1975, lokacin da malaman makaranta da akawuna da yawa suka hau abin kansu karon farko. Daga wannan zamanin ne muka gaji Honda CG125, da ƙananan Honda irin su C70 da C90, da Yamaha YB100, da Suzuki A100, da kuma Vespa ta Italiya mai giya a hannu. Daga baya Jincheng ta ƙasar Sin ta shigo da araharta ta mamaye harkar kabu-kabu, sannan Bajaj Boxer ta Indiya ta zo ta karɓe fagen.

Honda CG125 tana da tarihin da ya kamata mai saye ya sani. A 1975 aka fito da ita, bayan injiniyoyin kamfanin sun lura cewa a ƙasashe masu tasowa mutane na lafta wa babur kaya, suna bin hanyoyi masu ƙura, kuma ba sa juye baƙin mai a kan lokaci. Sai suka ƙera mata inji mai sauƙi wanda zai jure wannan wahalar. Shi ya sa har gobe ake kwaikwayon injinta, kuma kayan gyaranta ba sa wuyar samu. Ƙaramar Honda kuwa, wadda aka fara ƙerawa a 1958, kamfanin ya sanar a 2017 cewa ya ƙera guda miliyan 100 na danginta, ga ta da rashin shan mai.

Babban bambancin da ya shafi aljihu shi ne na inji. Yamaha YB100, Suzuki A100, tsohuwar Vespa da Jincheng ta farko duk masu bugu biyu ne, wato suna ƙona man 2T tare da fetur. Suna da saurin tashi da sauƙin kwancewa, amma sun fi shan mai, ga kuɗin man 2T a kai a kai. Honda da Boxer masu bugu huɗu ne, baƙin mansu daban yake zaune a cikin inji, kuma lita ɗaya ta fi kai su nesa. A zamanin da fetur ke araha wannan bambancin bai dami kowa ba. A yau, ragin da aka yi maka wajen sayen mai bugu biyu kana iya mayar da shi gidan mai kafin ka gama shekarar karatu.

Sai batun kayan gyara. Vespa tana da kwarjini, kuma duk wanda ya hau ta sai an waiwaye shi. Amma ka tambayi kanka: in ta tsaya maka a Galadi ko a hanyar Zurmi, wa zai kwance ta, kuma a wane shago za ka samu abin da ya lalace? In sai an aika Gusau ko Kano, ko an jira kaya daga Nnewi, to ka sayi abin ado, ba abin zuwa lacca ba. Kafin ka je ganin kowane babur, ka zaga shagunan kayan gyara na garinku ka tambayi farashin fistin da ring, da sarƙa da haƙoranta, da taya, da farantan kuloci na irinsa. In masu shago biyu ko uku suka girgiza kai, ka haƙura da shi komai kyansa.

Yanzu kuɗi. Shawararmu ita ce kada ka kai duk abin da ka tara wurin ciniki. Cikin kowace naira goma, ka ware bakwai don saye, biyu don gyaran farko, ɗaya don takardu da hular kwano. Misali, in naira 300,000 ka haɗa, to baburin naira 210,000 kake nema, ba na 300,000 ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Babu tsohon baburin da ba zai nemi baƙin mai da fulogi da ƙyallen birki a makon farko ba. Wanda ya zube kuɗinsa kaf a hannun dillali yakan ƙare da babur a jingine, shi kuma ya koma tsaron kabu-kabu a bakin titi.

Ranar dubawa, ka tafi da makanikenka, wanda ka sani kuma ka yarda da shi. Ka yanka masa ladansa tun daga gida, a saya ko a fasa, don kada ya zama yana da rabo a cikin la'ada. Ku je da safe, kuma kafin komai ka ɗora hannu a kan injin. In ka ji ɗumi, an riga an tayar da shi kafin ku zo, alhali injin da ya kwana da sanyi shi ke faɗin gaskiya. Ka taka kik a hankali: in ya tafi salalaf babu turjiya, ƙarfin injin ya ragu. In ya tashi, ka dubi salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi a babur mai bugu huɗu alama ce yana ƙona baƙin mai, ring da fistin na jiran kuɗinka. Baƙin hayaƙi yawanci matsalar kafireta ce, gyaranta bai kai wancan tsada ba. Mai bugu biyu kuwa ɗan hayaƙi ɗabi'arsa ce.

Ka zaro ma'aunin baƙin mai ka murza man a yatsa. In ka ga ƙyalli-ƙyallin ƙarfe, cikin injin na cin kansa. In man ya yi kauri fiye da kima, ka yi hattara, don akan zuba mai kauri a danne ƙarar inji na ɗan lokaci. Ka haska cikin tanki da fitilar waya ka duba tsatsa. Ka dubi haƙoran da sarƙa ke bi: in sun yi tsini ko sun karkace, sun gama aiki. Ka duba wuyan babur da ƙasan tanki ko akwai walda, domin ƙashin babur in ya taɓa karyewa ba ya komawa daidai. A gefen taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Sannan ka hau da kanka, ka shiga kowace giya, ka ji ko tana fita da kanta, ka lura ko kan yana jan ka gefe guda. Sabon fenti da sabuwar rigar kujera ba su da tsada, kuma su aka fi amfani da su wajen ɗauke hankalin mai saye.

Duk wannan binciken ƙarami ne a kan na takardu. A wasu wuraren wanda ya sayi babur marar asali kuɗinsa kawai zai yi asara. A yankinmu abin ya wuce nan. Kowa ya san a kan babura 'yan bindiga ke kai hare-hare, kuma suna ƙwace na mutane a hanya. Ba mu manta 2021 ba, lokacin da gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar. Tun daga nan babur ya zama abin da ake yi wa kallon tsanaki a kowane shingen bincike. Ɗalibin da aka tare da baburin da aka ƙwace daga hannun wani bawan Allah, ko wanda aka taɓa shiga daji da shi, zai sha wuya kafin ya wanke kansa, kuma karɓar kayan sata da sani laifi ne a dokar ƙasa da ta addini. Katin makaranta ba zai amsa tambayar "ina ka samo shi?" ba.

Saboda haka ka nemi rasit na asali da takardun rajista, da takardar kwastan in an shigo da shi ta kan iyaka, tunda Nijar na nan kusa da mu. Ka gwada lambar inji da lambar jikin babur da abin da ke rubuce, harafi da harafi. In ka ga alamar an goge wurin lambar ko an sake buga ta, ka juya ka tafi, ko da kyauta za a ba ka. Ka san mai sayarwa, ka san gidansa da mai unguwarsu. Kasuwar Alhamis ta Shinkafi na tara mutane daga ko'ina, kuma akwai masu gaskiya da yawa a cikinta, amma baƙon da ke gaggawar sallamawa a rabin kuɗi, banza ba ta kai zomo kasuwa. Baburin wani malamin makaranta da ya yi ritaya a unguwarku, wanda kowa ya san shi da shi tun muna yara, ya fi kwanciyar hankali ko da ya ɗara tsada.

In ciniki ya faɗa, a rubuta. Sunan mai sayarwa da na mai saye, irin babur da launinsa, lambobin nan biyu, kuɗin da aka biya, kwanan wata, da sa hannun shaidu biyu. Wasu na ganin neman rubutu rashin yarda ne, musamman in da babba ake cinikin. Sai mu tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki take magana. Ka ce, "Baba, don halin rayuwa ne," babu dattijon kirkin da zai ƙi. Daga nan ka je ofishin rajistar ababen hawa a mayar da takardu sunanka, ka yi lasisin tuƙi. Hular kwano kuma tun ranar 1 ga Janairu 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sanya ta, kuma kan da muke wahalar cika shi da karatu ya cancanci wannan ɗan kuɗin.

Game da tayi, ka bari makanike ya lissafa maka gyaran da ya gani, ka cire shi daga kuɗin da aka faɗa, ka gaya wa mai shi dalilinka cikin ladabi. In ya ce albarka, ka yi godiya ka tafi. Mai saye da ke iya tafiya ya bar kaya shi ke da ƙarfi a kasuwa, wanda kuwa ya nuna ransa ya biya, ya riga ya ƙara wa kansa kuɗi. Kada kuma mu matse wanda larura ta sa ya fito da abin hawansa, wataƙila kuɗin asibiti yake nema ko na abinci. Farashin adalci shi ne wanda kai da shi za ku haɗu a masallaci gobe ku gaisa babu nauyi.

Akwai wata fa'ida da tsohon ƙaramin babur ke da ita a wannan zamani: bai cika jan idon ɓarawo ba, kuma gudunsa bai kai ya ruɗi saurayi ba. Abokai za su yi maka dariya su ce ka hau na kakanni. Ka bar su, in dai yana kai ka aji kafin malam ya shiga, kuma kana wuce shingen bincike gabanka bai faɗi ba.

In kuma ka yi lissafi ka ga kuɗin bai kai ba, ka jinkirta. Keke na nan, adashe na nan, kuma kada a taɓa kuɗin rajistar makaranta saboda babur.

Mu haɗu mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Allah Ya zaunar da yankinmu lafiya, Ya tsare mu a hanyoyinmu.