Mazubin Roba Da Makomar Zubin Kankare

Duk ginin kankare sau biyu ake gina shi. Da farko kafinta ya haɗa mazubi da katako da ƙusa, sannan a zuba kwaɓin siminti a ciki, idan ya sandare a ɓalle katakon. Wannan gini na farko, wanda ba a ganinsa bayan an gama aiki, shi ke cin kaso mai tsoka na kuɗi da lokaci, musamman idan siffar tana da lanƙwasa ko ado.

A nan na'urar bugu ta 3D ta samu ƙofar shiga. Tana narkar da roba ta jera ta layi bisa layi har siffar da aka zana a kwamfuta ta fito, a zuba kankare a ciki kamar yadda aka saba. A wani bene mai hawa 42 da aka gina a harabar tsohuwar masana'antar sukari ta Domino da ke Burukilin, a birnin New York, kamfanin Gate Precast ya yi aiki da cibiyar bincike ta Oak Ridge wajen buga mazuban da aka zuba firam ɗin tagogi. Robar ABS ce da aka ƙarfafa da zaren kabon. Mazubin katako kan gaji bayan zubi 15 zuwa 20. Na robar yana iya kaiwa kusan 200.

Hayaniyar jaridu ta fi karkata ga injinan da ke buga gida sukutum da kankare. Amma mazubin roba ya fi kusa da amfani, domin bai taɓa kwaɓin ba, bai taɓa rodi ba, bai kuma nemi injiniya ya sake lissafin ƙarfin gini ba. Mazubin kawai aka sauya. Masu buga intalok a Kano da Kaduna ma sun daɗe da sanin mazubin roba. Bambancin shi ne nasu daga masana'anta yake zuwa da siffa ɗaya.

Sai dai ribar tana rataye ne ga yawan maimaici. Danyen kankare yana da nauyi, yana tura bangon mazubi, kuma roba siririya kan kumbura idan ba a tokare ta ba. Mazubin da aka buga don zubi ɗaya tak, aka yage aka yar, shara ce kawai aka ƙara. Ga miƙaƙƙen bango ko ginshiƙi na yau da kullum kuwa, har yanzu katako da ƙarfe sun fi arha, kuma kafinta ya fi na'ura sauri.