Kawu Ya Ce Na Zama Ɗan Gurguzu

Yau wata 'yar muhawara ce tsakanina da kawuna ta sa na ɗauki alƙalami.

Ran Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci a nan Agege, muna zaune a ƙofar shagonsa sai wani attajiri ya zo wucewa. Matasa suka zube ana ta "ranka ya daɗe", ni kuwa na miƙa masa hannu muka gaisa. Da ya tafi, Kawu ya dube ni ya ce, "Kai yaro, karatun nan naka ya mai da kai ɗan gurguzu." Na ce, "Kawu, a gafarce ni, ai kai kullum ina durƙusa maka." Ya ce to me ya bambanta su? Amsar da na kasa ba shi a lokacin ita ce nake son bayarwa a nan.

Ba littafi ne ya fara sauya mini tunani ba, zaman Ikko ne. Duk wanda ya je kasuwar Mile 12 da asuba zai ga Bahaushe ɗan dako da kwandon tumatir a ka, ga Bayarabiya ita ma da nata kayan, duk gumi ɗaya suke yi, kuma duk da yamma abin da za su kai gida bai taka kara ya karya ba. Amma da rikici ya ɓarke a yankin a watan Maris na 2016 aka rufe kasuwar, su waye suka kwana da yunwa? Su ɗin ne dai. Masu gidajen Ikoyi da Maitama kuwa, Bahaushensu da Bayarabensu da Inyamurinsu, tare suke cin abinci, tare suke raba riba. A nan na gane cewa ƙabilar talaka ɗaya ce.

Da farko na ɗauka sai na je wurin Karl Marx zan sami sunan wannan abu. Ashe a gida muka baro shi. Ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa NEPU a Kano, kuma sanarwarta ta Sawaba ta fito fili ta nuna cewa akwai gwagwarmaya tsakanin talakawa da masu riƙe da mulkin En'e. Malam Aminu Kano ɗan malamai ne, mai tafsirin Alƙur'ani, kuma har ya rasu a 1983 bai tara abin duniya ba. Wanda ya ga gidansa na Mumbayya a Gwammaja shaida ne. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan 'yancin mata tun lokacin da matan Arewa ba su da ikon jefa ƙuri'a. Da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa sun soke haraji da jangali. Don Allah wanne daga cikin waɗannan ne ya bar addininsa?

To sai dai ni ma na yi wautar ƙuruciya, ba zan ɓoye ba. Akwai lokacin da nake ganin duk wata al'ada tamu sarƙa ce a wuyan talaka. Na daina zuwa taron 'yan garinmu, ina ce musu masu ra'ayin riƙau. Sai rashin lafiya ta kwantar da ni sati uku. Waɗanda nake rainawa ɗin nan su suka haɗa kuɗin magani, matar maƙwabcina ta riƙa aiko mini da kunu safe da yamma. Na ji kunya ƙwarai. Ashe gayya da adashi da ciyayya da zumunci su ne ainihin abin da nake ta nema a cikin manyan kalmomi.

Don haka yanzu al'ada kashi biyu ce a wurina. Akwai wadda take ɗaga talaka, wannan na riƙe ta da hannu biyu. Akwai kuma wadda take koya masa sunkuyar da kai: zubewa ga mai kuɗi ko da ba a san inda ya samo ba, kirari ga wanda ya sace kuɗin asibiti, da cewa "haka Allah ya so" a kan zaluncin da ɗan Adam ya shirya da hannunsa. Na yi imani da ƙaddara, amma ba ƙaddara ce ta cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ba, mutane ne suka zauna suka yanke shawara, kuma muna da haƙƙin tambayar su ina kuɗin suka tafi. A watan Janairun 2012, da litar mai ta tashi daga naira 65 zuwa 141, talakawa suka fito daga Ojota har Kano, ai dole aka sauko da ita 97. Ka ga ashe magana tana da amfani.

Saboda haka Kawu, ga amsarka. Ina durƙusa maka ne domin ka girme ni, ka riƙe ni, ka sha wahala a kaina. Alhaji kuwa kuɗi kawai ya fi ni, kuma musabaha ita ce gaisuwar Musulmi. In wannan ne gurguzu, to a gidanku na koya.

Mai gyara ko ƙorafi, ƙofa a buɗe take. Allah ya sa mu dace, amin.