Sharhi: Dodo Ɗaya, Daraktoci Daban-daban

Yau hankalina yana kan fim ɗin Alien, wanda aka fara a 1979 kuma har yanzu ana ƙara masa sabon kashi. Masu kallo sukan yi gardama: idan fim ya yi dogon zango haka, na wane ne? Na kamfani, na jaruma, ko na darakta?

Ridley Scott, ɗan Ingila, shi ya ba da umarnin na farko. Ma'aikata bakwai ne a kumbon dakon kaya mai suna Nostromo, dodo ɗaya tak ya shigo musu. Mai zane H.R. Giger ya ƙera wannan halitta da kyau, amma Scott ya yi ta ɓoye ta. Sai inuwa, sai ɗigar ruwa, sai sarƙoƙi suna lilo a duhu. Ku tuna wurin cin abincin nan: ana hira ana dariya, ɗaya daga cikin ma'aikatan mai suna Kane ya fara tari, ya kife a kan tebur, abokansa suka danne shi suna zaton farfaɗiya ce, kwatsam abin ya fasa ƙirjinsa ya fito. Scott ya ja mu a hankali har muka saki jiki, sannan ya dake mu. Wannan haƙurin nasa ne.

Bayan shekara bakwai, a 1986, James Cameron ya karɓi ragama da Aliens. Dodon bai canza ba, Sigourney Weaver ce dai a matsayin Ripley, jarumar fim ɗin farko, amma fim ya koma na yaƙi. Ga sojoji da manyan bindigogi, ga dodanni ba iyaka, ga sarauniyarsu tana zuba ƙwai. Abin da ya fi taɓa ni shi ne yarinyar nan marainiya, Newt. Cameron ya sa Ripley ta riƙe ta kamar 'yar cikinta, har faɗan ƙarshe ya zama na uwa da uwa, ɗaya cikin injin ɗaga kaya, ɗaya da farata. Weaver ta shiga takarar lambar Oscar saboda wannan rawa, abin da ba kasafai ake gani ba a irin wannan fim.

To amma kada mu zuzuta darakta fiye da kima. David Fincher ya zo a 1992 da kashi na uku, fim ɗinsa na farko ke nan, kuma an fara ɗauka tun ba a gama rubuta labari ba. Kamfanin 20th Century Fox ya yi ta sa baki, aka kashe Newt tun a buɗewar fim, duk wahalar da aka sha wajen ceton ta ta tashi a banza. Fincher ya nesanta kansa da aikin. Mutumin da daga baya ya yi Seven bai rasa basira ba, an ɗaure masa hannu ne. Mai kuɗi idan ya riƙe linzami, sunan darakta kawai ake liƙawa a fosta.

A ganina, babban ikon darakta shi ne zaɓar abin da za mu ji tsoro. Shi kansa Scott da ya dawo da Prometheus a 2012 da Covenant a 2017, dodon ya daina damunsa. Hankalinsa ya koma kan David, mutum-mutumin da Michael Fassbender ya fito a matsayinsa, da tambayar abin da ke faruwa idan ƙirar hannun ɗan Adam ta raina wanda ya ƙera ta. Masoya da yawa sun yi gunaguni, su dodo suka zo gani. A 2024 aka miƙa wa Fede Álvarez, ɗan Uruguay, ya yi Romulus, ya mayar da mu cikin lunguna masu duhu, Scott kuma yana gefe a kujerar furodusa.