Kafin ka sayi sandar gilashi, tambayi lambarta

Ga matasanmu da suka fara koyon narka gilashi a harshen wuta don yin duwatsun wuya da abin ratayawa a sarƙa, roƙona shi ne kada ku bar ido ya yi muku ciniki. Sanduna biyu za su iya zama garau kamar ruwan sama, amma halinsu a wuta ya sha bamban.

Gilashin borosiliket, wanda Otto Schott ya inganta a Jena ta Jamus, kamfanin Corning kuma ya fitar da nasa da sunan Pyrex a 1915, ba ya buɗewa sosai in ya ji zafi. Lambar da ke nuna yawan buɗewarsa 33 ce, ta gilashi mai laushi na Murano kuwa 104. Ka haɗa su a dutse ɗaya, yana hucewa sai ya tsage. Haka ma kwalbar lemo. Masagan Bida sun daɗe suna narka kwalabe su yi awarwaro da duwatsu, aikin da nake alfahari da shi, amma gilashin kwalba ba dangin borosiliket ba ne.

In bututu ne, ɗaga shi wajen haske, ka juya a hankali kana duban bakinsa. Kaurin ya zama ɗaya ko'ina, domin gefen da ya fi siriri shi zai riga kumbura in ka hura. Mai ƙarzuwa ko zaren iska a ciki, mayar wa mai shi.

Borosiliket kuma yana buƙatar gas haɗe da oksijin, da tanda mai zafin kusan digiri 565 inda zai huce sannu a hankali. Wanda bai tanadi waɗannan ba, ya dakata da sayen sanda tukuna.